Karatun aikin jinya daga gida ga mai renon ƙananan yara: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu goyo da masu ƙananan yara, waɗanda suke son shiga aikin jinya ko suke ciki suna son ƙaro karatu, amma ba halin tarewa a makaranta. Da mace ake magana a amsoshin, don rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan jinya mata ne. Uban da reno ya faɗo a kansa shi ma zai tsinci nasa a ciki.

Da gaske ana iya zama nas daga gida, ba tare da an taka makaranta ba?

A'a. Duk wanda ya ce miki haka, ko dai bai san aikin ba, ko kuɗinki yake hange. Karatun jinya kashi biyu ne: na littafi da na hannu. Na littafin ne ake iya turo miki ta intanet. Na hannun sai a gaban gadon mara lafiya, ƙarƙashin idon wadda ta riga ki, kuma ba ɗan kaɗan ba ne. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar 2005 ta ƙayyade awa 4,600 na horo ga nas, aƙalla rabinsu a wurin aiki. Birtaniya ma tana neman awa 2,300 na koyon aiki. Ostireliya, inda karatu daga nesa ya daɗe da kafuwa saboda faɗin ƙasar, tana neman aƙalla awa 800.

Dalilin a fili yake. Bidiyo zai nuna miki inda jijiya take a hannu, amma ba zai sa yatsanki ya ji yadda take gudu ƙarƙashin fata ba a jikin wanda gudawa ta tsotse masa ruwa. Ba zai koya miki juya dattijo mai nauyi ba tare da kin ji wa bayanki ciwo ba, ko yadda za ki daidaita fuskarki in kin buɗe mikin da ya kwana uku ba a wanke ba, mai shi kuma yana kallonki yana son ya karanta halin da yake ciki daga idonki.

Saboda haka abin da karatu daga nesa yake ɗauke miki shi ne zaman aji. Asibiti yana nan yana jiranki.

To mene ne ake yi daga gidan?

Tsarin jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi suke aiki, ƙwayoyin cuta, ilimin magunguna, abinci mai gina jiki, lafiyar al'umma, dokoki da ɗa'ar aiki, hanyoyin bincike. Ana sa lakcoci a shafin makaranta, ana ba da aikin rubutu, ana tattaunawa da malamai da sauran ɗalibai.

Akwai tambaya guda da mai goyo ba za ta bari ta wuce ta ba kafin ta biya kuɗi: lakcocin kai-tsaye ake yi a ƙayyadadden lokaci, ko naɗaɗɗu ne da za ki kalla sa'ad da kika samu sarari? Makarantar da ta ce dole ki zauna gaban kwamfuta ƙarfe goma na safe ta kunna kyamara, ana kiran suna, kusan ɗaya take da ta zuwa aji a wajenki. Naɗaɗɗen darasi shi ne abokin tafiyarki, don yana jure a tsayar da shi sau biyar.

Yawancin makarantu kuma suna kiran ɗalibai su zo na 'yan kwanaki ko mako ɗaya zuwa biyu a zango, don gwaji a kan mutum-mutumin roba: sa robar fitsari, ɗaura ƙarin ruwa, farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. A nan ake yin jarrabawar hannu da ake kira OSCE, wadda aka fara bayyana tsarinta a Dundee ta Sukotlan a 1975. Ana zagaya tebur-tebur, kowanne da aikinsa da 'yan mintocinsa, mai jarrabawa yana tsaye da takarda yana duba ko kin wanke hannu, ko kin tambayi sunan mara lafiya kafin ki taɓa shi.

Ina da lasisin aiki tuni, digiri nake son ƙarawa. Hanyarmu ɗaya da sabuwar shiga?

Ba ɗaya ba ce, taki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mafi yawan kwasa-kwasan jinya da ake tallatawa a matsayin na nesa, don irinki aka yi su. A Amurka akwai ɗimbin jami'o'i masu ɗaga nas mai rajista zuwa digiri ta intanet. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, ita ma nas masu rajista take ɗauka a digirinta na jinya. Kin riga kin yi zaman asibitin, abin da ya rage galibi karatu ne da rubutu da bincike.

Sabuwar shiga kuwa ƙofofinta ba su da yawa. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, tana horar da sababbin nas daga nesa, amma ta hanyar haɗin gwiwa da wuraren aiki, ga waɗanda suke taimakawa a fannin lafiya tuni, wurin aikin nasu kuma ya tsaya musu. Ki karanta sharuɗɗan shiga da kyau. Mata da yawa suna ganin talla su yi murna, sai a layi na ƙarshe su ga cewa sai mai lasisi.

Yaya zan gane makarantar gaskiya daga ta bogi?

Kada ki tambayi makarantar. Ki tambayi hukumar da ke ba da lasisin aikin jinya a ƙasar da kike son yin aiki, don ita ce za ta ce kin cancanci zama jarrabawarta ko ba ki cancanta ba. Irin waɗannan hukumomi suna da jerin makarantu da kwasa-kwasan da suka amince da su. Ki duba sunan kwas ɗin kansa, ba sunan jami'ar kaɗai ba, domin jami'a tana iya zama halastacciya alhali wannan kwas nata bai samu amincewa ba.

Alamun da za su sa ki ja da baya: an ce babu zuwa asibiti sam, an ce za ki gama cikin 'yan watanni, ana matsa miki ki biya yau kafin rangwame ya ƙare, ko an kasa gaya miki asibitin da ɗalibansu suke koyon aiki. Ba ƙaramin abu ba ne. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo yadda wasu makarantu a jihar Fulorida suka sayar da takardun shaidar jinya na bogi sama da 7,600. Waɗanda suka saya, da yawansu sun rasa lasisin da kuɗin gaba ɗaya.

Awa nawa zan riƙa buƙata a mako?

Ki duba nauyin kwas ɗin, ki yi lissafi da kanki. A tsarin Birtaniya kowane maki ɗaya na awon nauyin kwas (credit) awa 10 ne na karatu, shekara cikakkiya kuma maki 120, wato awa 1,200. In kika raba a kan makonnin karatu, ya kai aikin wuni cikakke. Rabin nauyi yana cin wajen awa 16 zuwa 18 a mako. Wannan duk ban da lokacin asibiti.

Yanzu ki ɗauki takarda ki rubuta makonki yadda yake, ba yadda kike fata ba. Awa nawa ne babu mai kiran sunanki? In abin da ya fito awa takwas ne, kada ki ɗauki kwas mai neman goma sha takwas da tunanin za ki matse. Ki ɗauki darasi ɗaya ko biyu a zango, in makarantar ta yarda. Ki kuma tambaya shekara nawa ne iyakar da aka ba ɗaliba ta gama, don akwai iyaka.

Zan iya karatu yaro yana gefena?

Wani karatun ana iya yi, wani kuwa taura biyu ce, ba ta taunuwa. Sauraron lakcar da kin riga kin kalla, bitar sunayen ƙasusuwa 206 ko jijiyoyin kai guda 12 a 'yan katuna, amsa gajerun tambayoyi a waya kina shayarwa, duk waɗannan suna tafiya da yaro a cinya. Amma fahimtar yadda ƙoda take tace jini a karon farko, ko rubuta aikin shafi goma, ko lissafin magani, suna son kai a wuri ɗaya.

Ki raba aikinki gida biyu tun farkon mako: wanda yake jure katsewa da wanda ba ya jurewa. Lokacin shirun da kike da shi, ko barcin ranar yaro ne ko awa ɗaya kafin gari ya waye, ki ba wa mai wuyar. Babban abin da ke cinye wannan lokaci shi ne wanke-wanke da ninke kaya, don suna nan a gaban ido suna kira. Waɗannan ana yin su yaro yana farke, har ya taya ki ɓatawa.

Jariri ɗan wata uku ya fi ɗan shekara biyu sauƙin karatu a gefensa, abin da kan ba mutane mamaki. Na farkon yana kwance inda aka ajiye shi. Na biyun ya gano maɓallin kashe kwamfuta.

Lokacin zuwa asibiti fa, wa zai riƙe mini yaran?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ita ya kamata a fara amsawa kafin a cike fom. Da yawa cikin matan da suke ajiye karatun nan ba jarrabawa ce take kayar da su ba, reno ne a makonnin asibiti.

Koyon aiki yakan zo a dunƙule, makonni a jere, kuma ɗaliba tana bin jadawalin ma'aikata ne: safe, yamma, dare, ƙarshen mako. A asibitoci da yawa aikin awa 12 ake yi. Aikin safe yana farawa da miƙa aiki, inda masu kwana suke bi gado-gado suna bayanin kowane mara lafiya, kuma wadda ta makara ta rasa wannan, ranar nan a duhu za ta yi ta. Wannan lokaci kuwa sau da yawa ya riga buɗe gidajen renon yara. Tashi ma ba a kan minti yake ba. In mara lafiya ya rikice saura kwata ki tashi, ba za ki ajiye safar hannu ki ce ana jirana ba.

Don haka mutum ɗaya bai isa ba. Kina buƙatar mai riƙo na kullum, da wanda zai shigo in na farkon ya samu uzuri, da kuma amsar tambayar da kowa yake gudu: ranar da yaron ya tashi da zazzaɓi, gidan reno kuma ya ce ba ya karɓar mara lafiya, wa zai zauna? Ki yi wannan magana da mijinki ko mahaifiyarki ko 'yar'uwarki da ranaku a rubuce, ba "in lokacin ya zo ma gani" ba. Awannin da kika rasa sai kin rama su, ba a yafewa, kuma ramuwar tana iya tura ki zango na gaba.

Ki tambayi makarantar abu uku. Wa yake nemo asibitin, su ko ke? Wasu makarantun nesa ɗaliba suke bar wa wannan wahala, ta yi ta yawo da takarda. Nisan da za a iya tura ki ya kai ina? Kuma mako nawa kafin farawa ake ba da jadawali? Jadawalin da ya zo saura kwana huɗu ba ya barin uwa ta shirya komai.

Ina shayarwa. Dole in yaye kafin in fara?

Ba dole ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye, kuma ana iya riƙe wannan da tatsa. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firij, wata 6 a firiza. In ɗakin ya fi haka zafi, kada a bar shi ya daɗe. Ki fara saba wa jaririn da karɓa daga hannun wani makonni kafin ranar farko, kada ya zama ranar ce gwajinsa na fari. Ki gaya wa shugabar ɗakin tun ranar da kika iso cewa kina buƙatar ɗan lokaci da wuri mai tsabta don tatsa. Awa 12 ba tatsa yana kawo kumburi da ciwo, yana kuma rage ruwan nonon.

Ba zan kwaso wa yarana cuta daga asibiti ba?

Tsoron yana da tushe, maganinsa kuma sananne ne. Ki cika rigakafinki kafin ki fara, musamman na ciwon hanta nau'in B, wanda allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Makarantu da yawa suna neman gwajin tarin fuka da shaidar rigakafin ƙyanda. Na yaran ma ya zama bai yi tsalle ba. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, da man goge hannu 20 zuwa 30. Kayan aiki a cire su a asibiti in da hali, a sa a leda, a wanke daban. Takalmin aiki kada ya shiga inda yaro yake rarrafe.

Mai wuyar ita ce bakin ƙofa, sa'ad da yaro ya sheƙo da gudu zai rungume ki. Ki saba masa: Mama za ta wanke hannu ta canja kaya tukuna. Cikin kwana kaɗan shi zai riƙa tuna miki.

In ciki ya zo a tsakiyar karatu?

Ki faɗa wa makaranta da wurin koyon aiki da wuri, ko da ba ki shirya gaya wa kowa ba. Akwai abubuwan da za a nisanta ki da su: ɗakin hoton ƙashi, haɗa magungunan cutar daji, masu ƙaranbau in ba ki taɓa yi ba, ɗaga masu nauyi. Tun kafin ki shiga makaranta ki nemi dokarsu ta dakatar da karatu: zango nawa ake ba da izini, kuma sakamakon da kika riga kika samu yana nan ko yana lalacewa bayan wani lokaci.

Kaina ba ya riƙe abu tun da na haihu. Yaya zan haddace wannan tulin?

Rashin barci ne ya fi yawa a ciki, ba ƙwaƙwalwar ce ta lalace ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, kuma bita a rarrabe ta fi zama guda mai tsawo. Wannan ya yi wa uwa daidai, tunda guntun lokaci take da shi. Minti goma sha biyar yau, gobe, bayan kwana uku, bayan mako. Kuma rufe littafi ki tambayi kanki ya fi sake karantawa kina ja layi. Manhajar Anki a kan wannan tsari aka gina ta.

Lissafin magani kam kullum za ki taɓa shi, ko guda biyu ne, don wasu makarantu ba sa karɓar kuskure ko ɗaya a jarrabawarsa. An rubuta wa yaro miligiram 250, kwalbar tana da 125 a kowane mililita 5: 250 a raba da 125, a ninka da 5, mililita 10 ke nan. Ruwa mililita 1,000 zai shiga cikin awa 8 da robar da take ba da ɗigo 20 a mililita: 1,000 sau 20, a raba da minti 480, kusan ɗigo 42 a minti. Ki yi ta yi har ya zama in amsa ta fito ba daidai ba, jikinki zai ba ki kafin ki duba.

Waya kaɗai ta isa?

Don kallon lakca da bita, ta isa. Don rubutu mai tsawo da jarrabawar da ake sa ido ta kyamara, sai kwamfuta. Irin wannan jarrabawa tana son ɗaki ba kowa, kuma shigowar yaro ko muryarsa na iya sa a tuhume ki, don haka ranar a fitar da su gaba ɗaya. Ki riƙa sauke darussa lokacin da intanet take da ƙarfi, ki ajiye aikinki a wuri biyu.

Laifi ne in ba yaro waya ya kalla don in samu in karanta?

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan ƙasa da shekara 2 a guje masa zaman kallo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana. Awa ɗayan nan ki adana ta don lokacin da kika fi buƙata. In ranar miƙa aiki ta wuce haka, duniya ba ta tashi ba. Abin gudu shi ne waya ta zama ita ce mai renon.

In rage barci in yi karatun dare?

Kwana ɗaya ko biyu gab da jarrabawa, kowa ya yi. A matsayin tsari kuwa asara ce, don cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta, babba kuma yana buƙatar awa 7 ko fiye. A makonnin asibiti ma abin ya wuce maganar maki. Mai gyangyaɗi ita take karanta 0.5 a matsayin 5.

A gida ana ganin ai ina zaune, ana ta turo mini aiki da baƙi. Me zan yi?

Wannan ciwon duk mai karatu daga gida ne: wanda bai ga kin fita da jaka ba, bai yarda kina makaranta ba. Ki manna jadawalinki inda kowa zai gani, da ranakun jarrabawa da jan biro. Ki daina cewa "zan ɗan duba littafi", ki ce "ina da aji daga ƙarfe kaza zuwa kaza". In da inda za ki fita ki zauna ko na awa biyu ne a mako, ki fita. Mijin da aka nuna wa ranaku tun farkon zango ya fi wanda aka tasa da labari daren jarrabawa sauƙin ba da hannu.

Ki nemi ko mutum biyu cikin 'yan ajinku masu yara, ku buɗe zaure a WhatsApp. Su ne za su tuna miki an matso da ranar miƙa aiki. Sai dai labarin marasa lafiya, da sunansu da hotonsu, ba ya shiga wannan zaure, ba ya shiga hirar gida. Ana korar ɗaliba a kan wannan.

Zan iya gwada abin da na koya a kan mutanen gida?

Ƙirga bugun jini a wuyan hannu, ƙirga numfashi, awon hawan jini, naɗa bandeji, duk ki yi ta yi a kan wanda ya yarda. Za ki ga da idonki cewa zuciyar yaro ta fi ta babba sauri, babban da yake hutawa 60 zuwa 100 a minti. Allura, ƙarin ruwa da rubuta magani kuwa babu su. Da an ji kina karatun nas za a fara kawo miki takardun gwaji da yara masu zazzaɓi. Ki koyi cewa "a kai shi asibiti" ba tare da jin kunya ba.

Takardar daidai take da ta waɗanda suka zauna a aji?

In hukumar lasisi ta amince da kwas ɗin, jarrabawa ɗaya za ku zauna, lasisi iri ɗaya za ku karɓa. Mai niyyar aiki a wata ƙasa ta adana cikakken bayanin awannin da ta yi a kowane sashe, da sa hannun masu kula da ita, don hukumomin waje suna tambaya dalla-dalla, sannan suna da tasu jarrabawar, kamar NCLEX a Amurka da Kanada.

Ko dai in jira yaran su shiga makaranta?

In ke nas ce mai ƙara digiri, babu dalilin jira sosai, ki fara da nauyi kaɗan. In sabuwar shiga ce kuma har yanzu ba ki da amsar wanda zai riƙe yara ƙarfe shida na safe da daren aikin kwana, ki jinkirta shiga kwas ɗin, ki yi amfani da lokacin wajen abin da ba ya buƙatar asibiti: cike darussan da ake nema kafin shiga, irin su ilimin halittu da sinadarai da lissafi, kammala alluran rigakafi tunda na ciwon hanta kaɗai wata shida yake ci, da rubuta wa makarantu biyu ko uku kina tambayar jadawalinsu na koyon aiki na shekarar farko.